Makarantar Green School (Bali)

Green School makaranta ce mai zaman kanta da ke ƙauyen Sibang Kaja, a gundumar Badung ta tsibirin Bali, ƙasar Indonesiya. John Hardy da matarsa Cynthia Hardy ne suka kafa ta, kuma ta fara karɓar ɗalibai a watan Satumban 2008 da yara kimanin 90. Makarantar tana koyarwa tun daga ajin rainon yara har zuwa aji 12, wato ƙarshen sakandare. An san ta da abubuwa uku: gine-ginenta na gora da ba su da bango, tsarin karatunta da ke fitar da ɗalibi daga aji zuwa gona da kogi da kasuwa, da kuma ayyukan kare muhalli da ɗalibanta suka ƙirƙiro waɗanda suka yi tasiri a wajen makarantar. A shekarar 2012 cibiyar kula da makarantu ta Majalisar Gine-gine Masu Kare Muhalli ta Amurka ta ba ta lambar makarantar da ta fi kowacce kula da muhalli a duniya.

Tarihi

John Hardy ɗan asalin ƙasar Kanada ne. Ya isa Bali a shekarar 1975, ya koyi aikin ƙirar azurfa a wurin maƙeran tsibirin, daga baya ya kafa kamfanin kayan ado mai ɗauke da sunansa. A shekarar 2007 ya sayar da hannun jarinsa a kamfanin. Ya sha bayyana cewa fim ɗin Al Gore na 2006 kan ɗumamar yanayi, An Inconvenient Truth, shi ne ya sa ya yanke shawarar kashe sauran rayuwarsa a kan abin da zai amfani 'ya'yansa da jikokinsa. Ya kuma ce yana yaro ya sha wuya a makaranta saboda lalurar wahalar karatu da rubutu, don haka ya so ya ga makarantar da yaro irinsa ba zai tsane ta ba.

Wajen tsara manhajar farko, ma'auratan sun yi amfani da tunanin wani masanin ilimi mai suna Alan Wagstaff, wanda ya rubuta tsarin wata al'umma ta masu koyo da ya kira Three Springs. An samu fili mai faɗin kimanin hekta 8 a gefe biyu na kogin Ayung, tsakanin birnin Denpasar da garin Ubud. Ginin farko da aka yi shi ne gadar gora da ta haɗa gaɓar kogin biyu. Ambaliyar ruwa ta tafi da wannan gada a 2011, aka sake gina wata.

Wata gidauniya mai suna Kul Kul ce ke riƙe da makarantar, kuma ba don neman riba aka yi mata rajista ba. A harshen Bali, kulkul ganga ce ta itace ko ta gora da ake rataye ta a hasumiya, ana kaɗa ta idan za a tara mutanen gari.

Sunan makarantar ya bazu bayan jawabin da Hardy ya yi a taron TED a shekarar 2010. Daga nan iyalai daga ƙasashe da dama suka riƙa ƙaura zuwa Bali don su sa 'ya'yansu. Rukunin farko na ɗaliban sakandare sun kammala a 2013.

Gine-gine da harabar makaranta

Kusan komai a harabar da gora aka yi shi: ginshiƙai, rufi, matakala, kujeru da tebura. An zaɓi gora ne saboda saurin girmanta. Cikin shekara uku zuwa biyar ta isa sara, kuma idan an sare ta sabuwa na tsirowa daga gindi ɗaya ba tare da an sake shuka ba. Ana amfani da wata irin gora mai kauri da mutanen wurin ke kira petung. Matsalar gora tun da can ita ce gara da ƙwari masu huda itace, waɗanda ke cinye ta cikin 'yan shekaru, shi ya sa ake ɗaukar ta a matsayin kayan ginin talaka. Maginan makarantar suna jiƙa ta cikin ruwan gishirin boron kafin a yi aiki da ita, abin da ke hana ƙwarin cin ta. Rufin gine-ginen farko jinka ce ta ciyawar alang-alang, wadda Hausawa suka sani da suna tofa.

Babban ginin shi ne wanda ake kira Heart of School, ma'ana zuciyar makaranta. Tsawonsa ya kai kimanin mita 60, yana da hawa uku, kuma rufinsa nannaɗe yake gida uku kamar bayan katantanwa. A jikin sandunan gorar an sassaƙa sunayen mutanen da suka ba da gudummawa ga asusun tallafin karatu. Makarantar na cikin gine-ginen da aka tantance don lambar yabo ta Aga Khan ta fannin zanen gine-gine a 2010. A shekarar 2021 aka kammala wani zauren wasanni mai suna The Arc, wanda aka yi da bakan gora masu tsayin mita 14 da faɗin mita 19, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Kamfanin Ibuku na Elora Hardy, 'yar John Hardy, shi ne ya zana shi.

Azuzuwa ba su da bango, don haka iska da hasken rana ke shiga kai tsaye, ba a buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. A shekarun farko an yi allon rubutu da tsohon gilashin gaban mota, aka sa farar takarda a bayansa. Hanyoyin cikin harabar da duwatsun aman wuta aka shimfiɗa su maimakon kwalta. Akwai bayan gida da ba a kora shi da ruwa. Dusar katako ake zubawa, daga baya abin ya zama taki. Ana cin abincin rana a kan ganyen ayaba da aka shimfiɗa a faifai, ganyen kuma ya koma ramin taki.

Wutar lantarki na zuwa ne daga farantan sola da kuma wani ƙaramin injin da ruwan kogin Ayung ke juyawa. Ana karkato ruwa zuwa wani rami mai kewaye, ruwan ya riƙa juyawa kamar guguwa, ya juya injin, sannan ya koma kogi. Aikin bai zo da sauƙi ba: ambaliya ta lalata injin farko, kuma an ɗauki shekaru kafin wani kamfanin ƙasar Beljiyam mai suna Turbulent ya kafa sabo.

Shekarar karatu

Shekarar karatu na farawa a watan Agusta, ta ƙare a watan Yuni. Da Turanci ake koyarwa, amma kowane ɗalibi na koyon harshen Indonesiya da al'adun Bali. An raba lokacin ɗalibi gida uku. Kashi na farko na darussan ƙwarewa ne, kamar lissafi da karatu da rubutu, waɗanda sai da maimaici ake iya su. Kashi na biyu na darussan jigo ne, inda ake ɗaukar batu guda na tsawon makonni, a duba shi ta fuskar kimiyya da tarihi da zane da adabi. Kashi na uku shi ne na koyo a aikace. A nan ne ɗalibi ke shiga gona, ko wurin aikin gora, ko ƙauyen da ke maƙwabtaka da makarantar. Manyan ɗalibai na da wani shiri na mako-mako da ake kira Jalan Jalan, kalmar da ke nufin yawo a harshen Indonesiya, inda suke zaɓar aikin da za su yi a wajen aji.

Yanayin tsibirin na shiga cikin tsarin shekarar. Damina a Bali na kamawa ne daga wajen Nuwamba zuwa Maris, kuma a lokacin ne igiyar ruwa ke turo tarin shara zuwa gaɓar tekun yammacin tsibirin, sai darasin roba da leda ya zama abin da ɗalibi ke gani da idonsa. Ɗalibai na dasa shinkafa, su kula da ita, su girbe, su kuma ci abin da suka noma. Ta wannan hanya suke sanin subak, tsohon tsarin rabon ruwan noma na manoman Bali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihi na duniya a 2012. Makarantar na yawan ambaton falsafar Tri Hita Karana ta mutanen Bali, wadda ke cewa zaman lafiya na samuwa ne idan mutum ya daidaita alaƙarsa da Ubangiji, da sauran mutane, da kuma muhalli.

Duk da cewa Indonesiya ce ƙasar da ta fi yawan Musulmi a duniya, mafi yawan mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne, kuma bukukuwansu na cikin kalandar makarantar. Akwai ranar Saraswati ta girmama ilimi, wadda ke zagayowa bayan kowace kwana 210, da ranar Nyepi ta sabuwar shekara, wadda a cikinta tsibirin gaba ɗaya ke yin tsit har filin jirgin sama ma a rufe shi. A ɓangaren wasanni akwai mepantigan, wata irin kokawa da ake yi cikin taɓo.

A ƙarshen kowane mataki na karatu akwai babban aiki da ɗalibi zai gabatar. 'Yan aji 5 na yin Footprints, 'yan aji 8 na yin Quest, 'yan aji 12 kuma na yin Greenstone. A Greenstone ɗalibi kan zaɓi wata matsala da ta dame shi, ya yi watanni yana bincike da gwaji a kanta, sannan ya tsaya gaban iyaye da malamai da baƙi ya yi jawabi na minti 13 kan abin da ya yi da abin da ya gano. Wannan jawabi na cikin sharuɗɗan kammala makarantar, kuma shi ne abin da aka fi jira a ƙarshen shekara. Hukumar WASC ta Amurka ce ta tantance makarantar, kuma da takardar shaidarta ɗalibai ke neman shiga jami'o'i a ƙasashe daban-daban.

Ayyukan ɗalibai

Yaƙi da leda

Aikin da ya fi shahara shi ne Bye Bye Plastic Bags, wanda wasu 'yan'uwa mata biyu, Melati da Isabel Wijsen, suka fara a shekarar 2013, lokacin babbar na da shekara 12, ƙaramar kuma 10. Sun ce wani darasi da aka yi musu a aji kan mutane irin su Nelson Mandela da Mahatma Gandhi ne ya sa suka tambayi kansu abin da za su iya yi tun suna yara. Suka zaɓi leda, domin ita ce sharar da suke gani a gonakin shinkafa da magudanan ruwa da bakin teku. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2015 ya sa Indonesiya a matsayi na biyu, bayan Sin, cikin ƙasashen da sharar robarsu ta fi shiga teku.

Su da abokansu sun tattara sa hannun jama'a, har a filin jirgin saman Bali, sun yi jawabai a makarantu, sun raba jakunkunan yadi a shagunan wani ƙauye da suka ɗauka a matsayin wurin gwaji. Da suka kasa samun ganin gwamna, sai a 2014 suka sanar da cewa za su ƙaurace wa abinci. Saboda ƙarancin shekarunsu, aka tsaya a kan su riƙa yi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Cikin kwana biyu gwamna Made Mangku Pastika ya gayyace su, daga baya ya sa hannu a wata takardar fahimtar juna kan rage leda a tsibirin. Sun yi jawabi a taron TED a Landan a 2015, sun kuma yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. A farkon wannan shekarar ƙungiyarsu ta jagoranci gangamin share bakin teku wanda mutum kimanin 12,000 suka fito. Mujallar Time ta sa su cikin matasa masu tasiri na 2018.

Alƙawarin 2014 bai zama doka nan take ba. A ƙarshen 2017 hukumomi sun ayyana dokar ta-ɓaci kan shara a wasu wuraren shaƙatawa na bakin teku, ciki har da Kuta. Sai a watan Disamban 2018 sabon gwamna, Wayan Koster, ya fitar da dokar hana leda da tsinken shan lemo na roba da mazubin abinci na soso. Masu sana'ar sake sarrafa roba sun kai ƙara, Kotun Ƙoli ta Indonesiya ta yi watsi da ƙarar a 2019, dokar kuma ta fara aiki a wannan shekarar. Ƙungiyoyi da dama ne suka yi fafutukar, amma ana yawan ambaton ɗaliban biyu cikin waɗanda suka fara ɗaga murya. Har yanzu aiwatar da dokar ya fi ƙarfi a manyan kantuna fiye da kasuwannin gargajiya.

Motocin Bio Bus

A shekarar 2015 wasu ɗaliban ajin ƙarshe tare da malamansu suka lura cewa motocin da ke kawo yara kowace safiya su ne babbar hanyar da makarantar ke gurɓata iska. Suka kafa Bio Bus, motocin bas da ke aiki da man dizal da aka sarrafa daga tsohon man girki. Ɗalibai na zagayawa otal-otal da gidajen abinci suna karɓar man da aka gama suya da shi, wata gidauniya mai suna Lengis Hijau ta mayar da shi man mota. Giliserin da ke saura bayan sarrafawar kuma ana yin sabulu da shi.

Aikin ya taɓa wata matsala ta lafiya. A Bali akan sayi tsohon mai daga otal-otal, a tace shi, a sake sayar wa masu suya a bakin titi, wani kuma a zubar da shi a magudanar ruwa. Duk litar da ta shiga tankin bas ta kuɓuta daga waɗannan hanyoyi biyu. Ɗaliban da ke cikin shirin na koyon sinadarai da lissafin kuɗi da tsara zirga-zirga a lokaci guda, domin su ne ke neman masu ba da mai, su kuma lissafa abin da aka kashe.

Makamashi da tsuntsaye

A shekarar 2017 makarantar ta ci lambar yabo ta Zayed ta makamashi, wadda ake bayarwa a Abu Dabi, a rukunin makarantun sakandare na nahiyar Asiya. Ɗalibai ne suka tsara shirin da ya ci, mai suna Operation Rain or Shine, wanda manufarsa ita ce a haɗa wutar sola da ta ruwa da batura domin makarantar ta rage dogaro da wutar gwamnati ko da rana ko da ruwan sama. A wannan shekarar makarantar 'yan mata ta Starehe da ke Kenya ce ta ci ta nahiyar Afirka.

Makarantar ta kuma yi aiki da gidauniyar Begawan wajen kiwon jalak Bali, wani farin tsuntsu mai shuɗin kewayen ido da ba a samun sa a daji ko'ina sai a Bali, wanda masu kama tsuntsaye don sayarwa suka kusa ƙarar da shi.

Alaƙa da mutanen gari

Akwai wani shiri mai suna Kul Kul Connection da ke buɗe harabar ga yaran ƙauyukan kewaye bayan an tashi daga makaranta. Suna koyon Turanci da darussan muhalli, kuma maimakon kuɗi, kowane yaro na kawo kilo 5 na sharar da za a iya sake sarrafawa a kowane zango. Sharar na zuwa wata cibiya da ke cikin harabar mai suna Kembali, kalmar da ke nufin komawa, inda ake ware roba da gilashi da takarda da ƙarfe. Ɗaruruwan yara ne ke cikin shirin.

Manyan baƙi da dama sun ziyarci makarantar. A shekarar 2014 masaniyar birai Jane Goodall ta je, haka ma Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, wanda ya je a watan Agusta.

Suka da ƙalubale

Babban abin da ake sukar makarantar da shi shi ne tsada. Kuɗin shekara na kai dubban dalolin Amurka, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan iyalan Bali. Tun farko waɗanda suka kafa ta sun ce burinsu shi ne kashi 20 cikin 100 na ɗalibai su zama 'yan asalin wurin masu karatu da tallafi, amma adadin ya daɗe ƙasa da haka, kuma mafi yawan ɗaliban 'ya'yan baƙi ne daga ƙasashe sama da 30. Masu suka na kuma nuna cewa iyalan da ke hawa jirgin sama daga Turai ko Amurka ko Ostireliya don zuwa makarantar kare muhalli suna fitar da hayaƙin da ya zarce wanda gine-ginen gora suka rage.

Wasu iyaye da masana ilimi na tambaya ko ɗalibin da ya yi yawancin lokacinsa a ayyuka zai samu tushe mai ƙarfi a lissafi da kimiyya kamar takwaransa na makarantar da ke bin jarrabawa. Makarantar na amsawa da cewa ɗalibanta na samun shiga jami'o'i, kuma ayyukan da suka yi shaida ce ta abin da suka iya. Wata matsalar ita ce yawan sauyin ɗalibai, domin iyalai da yawa shekara ɗaya ko biyu suke yi su koma ƙasashensu, sai aikin da wani rukuni ya fara ya rasa mai ci gaba da shi. Gine-ginen ma na buƙatar gyara a kai a kai, musamman jinka, wadda ruwan sama da laima ke ruɓar da ita. Annobar korona ta 2020 ta tilasta rufe harabar na wani lokaci, aka koma karatu ta intanet, abin da ya yi wa makarantar da ta dogara da koyo a fili wuya ƙwarai.

Rassa a wasu ƙasashe

A watan Fabrairun 2020 aka buɗe Green School a yankin Taranaki na ƙasar New Zealand. A watan Agustan wannan shekarar aka yi ce-ce-ku-ce bayan da James Shaw, ɗaya daga cikin shugabannin jam'iyyar masu kare muhalli kuma minista a gwamnati a lokacin, ya goyi bayan ba reshen dalar New Zealand miliyan 11.7 don faɗaɗa gine-gine. Malaman makarantun gwamnati sun yi ƙorafi cewa nasu azuzuwan na yoyo, kuma manufar jam'iyyarsa ita ce a daina ba makarantu masu zaman kansu kuɗin gwamnati. Shaw ya nemi afuwa, daga baya aka mayar da kuɗin gaba ɗaya bashi. A shekarar 2021 aka buɗe wani reshen kusa da garin Paarl a Afirka ta Kudu. Makarantar Bali na kuma gudanar da kwasa-kwasan horar da malamai daga wasu ƙasashe kan yadda za su shigar da koyo a aikace da kula da muhalli cikin darussansu ba tare da sun gina makarantar gora ba.

Duba kuma

Bali
Gora
Ɗumamar yanayi
Gurɓatar muhalli da roba
Makamashin da ake sabuntawa